Kwana Ɗari da Ashirin a Bayan Gidan Corinne

Talata, 9 ga Mayu

Shekara arba'in da ɗaya ina cika littafin awoyi kullum: ƙarfe nawa na tashi, ƙarfe nawa na tsaya, a ina na kwana. Likita ya ƙi sa min hannu a takardar lafiya saboda zuciya, lasisin tirela ya tafi ke nan. Hannun ne bai ji labari ba, da safe sai in ga yana laluben biro. Shi ne na sayi wannan littafin. Ko ba komai, wannan ba ɗan sandan hanya da zai ce in miƙo masa.

Corinne ta kira. 'Yata ke nan guda ɗaya, shekararta arba'in da uku, kuma in aka haɗa kwanakin da na yi da ita tana yarinya ban jin za su cika shekara biyar. Ta ce ɗakinsu na ƙasa ba kowa, in taho. Na ce na gode, amma ni ban iya zaman gidan mutane ba. Na ce in za ta ba ni ɗan fili a bayan gida, zan sayi irin ƙananan gidajen nan na kan taya in ajiye. Ta ce to.

Asabar, 13 ga Mayu

Na duba guda uku. Na farko wani mutum ne ya ƙera da hannunsa, katakon sai ƙamshi yake, amma ba hatimin masu duba gini a jikin ƙofa, kuma matar inshora ta riga ta gaya min in ba hatimi ba ruwansu. Na biyu sabo ne fil, sai dai ina ɗaga kai na san tsayinsa ya wuce ƙafa sha uku da rabi. Mai sayarwa ya rantse bai wuce ba. Na ciro abin awo, ya wuce da inci huɗu. Na ce masa gadar farko da zan shiga ƙarƙashinta za ta yi wa gidan aski. Ya sha mur.

Na uku na wasu mata da miji ne da ke jiran tagwaye. Tsawo ƙafa ashirin da huɗu, faɗi takwas da rabi, gado a ƙasa, ba sai na hau tsani da wannan gwiwar ba. Matar tana ta ba ni haƙuri wai ya yi ƙarami. Dariya ta kama ni. Ni da nake kwana a bayan kujerar direba tun kafin a haife ta! Ga murhu mai kai biyu, ga wurin wanka da mutum zai miƙe tsaye, ga taga har shida. Na saya.

Asabar, 3 ga Yuni

Na kawo shi da a-kori-kurata. Dwight, mijin Corinne, ya tsaya yana ta kaɗa min hannu, wai yana nuna min yadda zan yi baya. Na bar shi ya yi ta kaɗawa. Na sa gidan tsakanin rumfar itace da bishiyar tuffa a tashi ɗaya, ko gyarawa ban yi ba. Labulen gidan da ke maƙwabtaka da su ya motsa sau uku. Dwight ya ce Bernice ce, shekararta tamanin, kuma ba abin da ke wuce titin nan bai gaishe ta ba.

Corinne ta kawo pasti mai zafi, wato gasasshen fulawa da aka cusa wa nama da dankali, sun ji, irin wanda uwarta marigayiya ke yi. Muka ci a kan matakalar ƙofa. Ta dubi ƙarƙashin gidan ta ce, "Tayoyin fa, Baba?" Na ce suna nan inda suke. Ta ci gaba da cin abincinta.

Litinin, 5 ga Yuni

Na yi wanka har ruwan zafin ya ƙare, ba wanda ya buga min ƙofa. Na gode Allah.

Laraba, 14 ga Yuni

Wata mata ta zo daga ofishin gunduma, Gail, da allon rubutu a hammata. Ba ta da laifi, har gahawata ta sha, ta yaba yadda na rataye tukwane. Sai da ta ajiye kofin ta faɗi abin da ya kawo ta.

Ga yadda na fahimta. Muddin yana kan taya, a wurinsu ba gida ba ne, motar yawon shaƙatawa ce, kuma ba a kwana a irinta fiye da kwana ɗari da ashirin a fili ɗaya. Ta ƙirga min: ranar ƙarshen Satumba na cika. Daga nan hanya uku ce. Ko in ja shi in kai filin da aka keɓe wa irinsa, mafi kusa tafiyar awa uku ce kuma suna rufewa in sanyi ya shigo. Ko in bar shi a nan a kulle in nemi wurin kwana. Ko kuma in cire tayoyin, a zuba masa ginshiƙan kankare masu zurfin da sanyi ba ya kaiwa, a haɗa shi da ramin bayan gidan su Corinne, ya zama abin da suke kira gidan iyaye. To amma nawa ya yi ƙanƙanta da ma'auninsu, don haka sai kwamiti ya zauna, a aika wa maƙwabta wasiƙa su zo su faɗi ra'ayinsu. Kuma mai filin ce za ta sa hannu a takardar, ba ni ba.

Ta bar min takardar. Na ninke ta na sa a aljihun mota.

Bernice ce ta kai ƙara, ko tantama ba na yi.

Juma'a, 16 ga Yuni

Ba ita ba ce. Dwight ya ce shi ya je neman izinin jawo min wuta, daga nan suka sani. Na yini ina jin haushin tsohuwa a banza. Na ɗaga mata hannu da yamma, labulen ya koma ya rufe.

Ban gaya wa Corinne zancen takardar ba. Na ce mata dai akwai ƙa'idar kwanaki, zan san yadda zan yi. Da wane ido zan ce wa yarinyar da ban raina ba ta je gaban kwamiti ta ce ta ɗauki nauyina?

Lahadi, 25 ga Yuni

Lonnie ya kira daga jihar Arizona, can kudu inda ba sanyi. Tare muka fara tuƙi, shi ya yi ritaya tun shekara shida, yana zaune a wani fili da duk gidajen kan taya suke, shekara zagaye ba mai ƙirga wa kowa kwana. Ya ce na kusa da shi zai tashi a Oktoba, zai riƙe min wurin. Ya ce, "Tsohon banza, me za ka zauna yi a can, kwasar dusar ƙanƙara da wannan zuciyar taka ta roba?" Na ce ya riƙe min. Daɗin abin ke nan, in nan bai yi ba ƙugiya kawai zan maƙala in ja gidana.

Talata, 4 ga Yuli

Mun je bakin tafki, Dwight ya gasa kifi da masara. Sauro ya ci rabonsa. Corinne ta haɗa ni da wata abokiyar aikinta daga asibitin haƙori, ta ce, "Babana ne, yana wurinmu na ɗan lokaci." Ni na fara faɗin haka, da bakina, tun a Mayu. Ban san abin da ya sa na ji ya soke ni ba.

Asabar, 22 ga Yuli

Corinne ta ɗauki wata ɗabi'a. Ƙarfe shida da rabi in za ta wuce zuwa motarta, sai ta bubbuga bangon gidana sau biyu da bayan hannu. Ba ta tsayawa, ba ta cewa komai. Ni ma in bubbuga daga ciki. A gida mai girman nan bango da gado hannu ɗaya ne tsakaninsu. Yanzu tun shida da kwata nake farkawa in kwanta ina jira, ni da agogo uku ba sa tashina.

Yau Asabar, na shiga sauna, ɗakin gumi da ake zuba wa duwatsu masu zafi ruwa, ni da Dwight. Mutumin nan ba ya magana sai gumi ya keto masa. Ya ce in bar ganin Corinne ba ta cika fara'a ba, tun da na zo take dafa abinci na mutum uku ko da na ce ba zan ci ba. Na ce na lura. Ya ƙara wa duwatsun ruwa, zancen ya ƙare.

Na gyara wa Bernice akwatin wasiƙarta da ya karkace. Ba ta fito ba, amma da safe na tarar da kwalbar zuma a matakalata.

Alhamis, 17 ga Agusta

Kwana saba'in da shida. Saura arba'in da huɗu.

Wata dabara ta faɗo min ina aski, har na yanke haɓa. A kan hanya, in awoyinka na mako suka ƙare, ka nemi wuri ka kashe mota awa talatin da huɗu, ƙirgarka ta koma farko. Kowane direba ya san wannan. Ita ma Gail ai ƙirga ce take yi. In na fitar da gidan daga filin ya yi awa talatin da huɗu a wani wuri, na dawo da shi, na sami sabon ɗari da ashirin. Ba kwamiti, ba wasiƙa, ba roƙon kowa ya sa hannu. Na ji daɗin kaina ƙwarai.

Talata, 22 ga Agusta

Corinne ta bubbuga, na bubbuga, ta tafi. Dwight ya riga ta fita. Bakwai daidai na cire wayar wuta da bututun ruwa, na maƙala, na fito da shi sumul. Ina tsohon ramin tsakuwa da ke bayan dajin gwamnati, tafiyar minti arba'in. Ba kowa sai barewa biyu. Wayata ba ta kamawa a nan, ban damu ba, dama ba mai nemana.

Na kashe mota bakwai da arba'in. Na rubuta lokacin a nan saboda in Gail ta nemi shaida. Na soya ƙwai, na zauna a ƙofa ina kallon itatuwa. Rabon da in ji ni daidai haka tun ranar da na ajiye makullin tirela.

Laraba, 23 ga Agusta

Ban san ta inda zan fara ba.

Ina hawa kwalta wayar ta fara kuka ba tsayawa. Kira goma sha huɗu, duk Corinne, sai biyu na Dwight. A nan na sha jinin jikina. Na iso na tarar da motarta a gida, ashe ba ta je aiki ba. Dwight yana tsaye bakin rumfar itace, yau bai kaɗa min hannu ba, kuma sai da na gyara sau uku kafin gidan ya shiga wurinsa.

Corinne ta jira na sauko. Na fara yi mata bayanin awa talatin da huɗu, ina jin kaina ina faɗa ina jin yadda zancen ba shi da kai. Ta ce jiya ta dawo aiki ta tarar da fili, sai ciyawar da ta mutu daidai girman gidan. Bernice ce ta leƙo ta ce mata tun safe ya ja abinsa ya tafi. Corinne ta kira asibiti, ta kira Lonnie. Duk wannan a hankali ta faɗe shi, gara ma a ce ihu ta yi.

Ta ce, "Ina shekara takwas in na taso makaranta, kafin in shiga gida sai na leƙa gefen gareji. In tirela na nan, kana nan. In ba ta nan, sai tabon mai a ƙasa. Ba ka taɓa cewa za ka tafi ba, Baba, tabon ne ke gaya min. Jiya na tsaya ina kallon ciyawar nan, da girmana da furfurata."

Na ce ban yi tunani ba. Ta ce ta sani. Ta shiga gida.

Ko a mafarki ban yi niyyar tafiya ba. Don in zauna na yi abin nan. Amma gaskiya ce, ko sau ɗaya bai zo min a rai in rubuta mata layi biyu in maƙala a ƙofa ba. Shekara arba'in ina tada mota da asuba a hankali don kada in tashe su, ina ganin kirki nake yi musu.

Juma'a, 25 ga Agusta

Na je wurin Gail da lokutana a rubuce. Ta karanta, ta cire tabarau, ta yi dariya har ta nemi gafara. Kwanakin na shekara ne gaba ɗaya, ba na jere ba. In na ga dama in yi ta shiga da fita kamar mai tallan biredi, ƙirgar tana nan. Abin da na samu kawai kwana ɗaya ne, ta ce ta ba ni shi da zuciya ɗaya.

Ta ce in ina son zaman kwamiti na Oktoba, takardar ta shigo mata kafin a tashi aiki ranar Juma'a takwas ga Satumba. Da zarar ta shigo, ƙirga ta tsaya sai an yanke hukunci. In na kuskure wannan, na Nuwamba ba shi da amfani, ƙasa ta daskare, ba mai zuba kankare sai bazara.

Lahadi, 27 ga Agusta

Kwana huɗu ba a bubbuga ba. Abinci dai yana zuwa, Dwight ke kawowa.

Laraba, 30 ga Agusta

Lonnie ya kira ya wanke ni tas, wai 'yata ta kira shi tana nemana shi kuma bai san inda nake ba. Da ya gama ya ce wurin yana nan. Na duba iskar tayoyi, na shafa wa ƙugiya man giris, na zana hanya: kwana huɗu ba gaggawa. Wataƙila shi ne daidai. Na ɓata wa Corinne rai tana ƙarama, na zo na ɓata mata da girmanta. Wannan karon dai zan faɗa kafin in tafi.

Na zauna ina kallon taswirar, ko ɗigon zumuɗi ban ji ba. Da can ganin taswira kawai yana sa ni jin yunwa.

Talata, 5 ga Satumba

Corinne ta shigo ba sallama bayan ta taso aiki, ta zauna a bakin gado don ba wani wurin zama. Ta haɗu da Gail a kantin kayan abinci, ashe ajinsu ɗaya a sakandare. Ba abin da ke ɓoyuwa a garin nan.

Ta tambaya ko da gaske ne tun Yuni takardar tana hannuna. Na ce tana cikin mota. Na ce ban so in ɗora mata nauyi ba, ga haƙa, ga kwamiti, ga filinta da za a ɓata da kankare. Ta ce in daina, filin nata ne, ita ta san abin da zai ɓata shi. Na ce to in ɗauko takardar? Ta ce a'a.

"Ba zan sa hannu a kan abin da ba ka roƙa ba. In na sa, gobe ka ce ni na ɗaure ka. In zama kake so, ka buɗe baki ka faɗa. In Arizona kake so, ita ma ka faɗa, in soya maka kaza ta hanya."

Na buɗe bakin, ba abin da ya fito. Ta ba ni minti guda cur, ta tashi ta fita. Halin uwarta sak, Allah ya jiƙanta.

Laraba, 6 ga Satumba

Na gwada faɗa a gaban madubin banɗaki. Tsoho ɗan shekara sittin da takwas. Kunya kamar in nutse.

Alhamis, 7 ga Satumba

Shida da ashirin na fita na tsaya jikin motarta da takardar, sanyi yana shiga ta wuyan riga. Ta fito da jaka da kofin gahawa, ta tsaya. Duk abin da na shirya ya gudu. Na ce, "Corinne, ina so in zauna. Nan, kusa da ke. Ki taimaka ki sa min hannu."

Ta ce har yaushe. Na ce har a fitar da ni a kwance. Ta ce in bar irin wannan maganar da sassafe. Ta ɗora takardar a kan bonet, ta nemi biro a jaka ba ta samu ba, na ba ta nawa, ta sa hannu. Ta shiga mota, ta sauke gilashi ta ce in duba shafi na biyu, na bar wurin lambar fili ba komai.

Na koma ciki na zauna. Ban cancanci yarinyar nan ba, kuma na sani. Na gode Allah da ya ba ni ita duk da haka.

Juma'a, 8 ga Satumba

Na kai takardar. Gail ta buga hatimi, ta ce yanzu in zauna wuri ɗaya, kada in sake yi mata lissafin direbobi.

Litinin, 25 ga Satumba

Wasiƙun maƙwabta sun fita, gida huɗu. Na ga Bernice ta ɗauki tata, ta karanta a tsaye, ta dubi gidana ta saman tabarau. Ba zuma tun Agusta. Dwight ya ce duk zaman kwamiti tana zuwa, kuma shekara goma sha biyar ba ta taɓa goyon bayan komai ba, har fitilar titi ta yi wa gardama.

An dawo bubbugawa tun makon jiya. Sau ɗaya dai, ba biyu ba.

Laraba, 11 ga Oktoba

Jiya aka zauna, a zauren gunduma da ke jikin garejin 'yan kwana-kwana. Mutum biyar a kan teburi, biyu cikinsu da rigar farauta. Na sa rigar da na je jana'izar uwar Corinne da ita, ta matse ni a ciki. Gail ta karanta girman gidan, wani daga cikinsu ya ce rumfar kajinsa ta fi shi, aka yi dariya. Suka tambayi ramin bayan gida, da nauyin dusar ƙanƙara da rufin zai iya ɗauka, da ko motar kashe gobara za ta iya shiga. Dwight ya amsa duk, ashe ya yi karatun abin a ɓoye. Corinne ta tashi ta ce ni mahaifinta ne, ina da ciwon zuciya, tana so in kasance inda za ta gan ni. Ta zauna.

Sai aka ce ko akwai maƙwabcin da zai yi magana. Bernice ta miƙe da sandarta. Ta ce rediyona yana damunta da safe, kuma na taka mata furanni ranar da na dawo daga yawona. Gaskiya ne, na taka. Ta ce ita ce ta gaya wa Corinne na tafi, kuma ta ga fuskar yarinyar, ba ta son ta ƙara gani. Sannan ta juya ga shugaban kwamitin ta ce tambaya ɗaya gare ta.

"In kun ba shi izinin nan, zai iya sake jan abin ya tafi?"

Ya dubi Gail. Gail ta ce a'a, za a cire tayoyi, a ɗaure shi da ƙarfe a jikin kankare.

"To ku ba shi," in ji ta. Ta zauna.

Huɗu suka yarda, mai rumfar kaji ya ƙi. A waje na je in yi mata godiya, ta ce ba don ni ta yi ba, kuma furanninta sai na dasa mata wasu in bazara ta yi. Na ce na ji, ranki ya daɗe. Corinne ce ta kai ta gida.

Alhamis, 19 ga Oktoba

An zuba ginshiƙai takwas. Mai kankare ya ce da mun ƙara mako biyu da sai bazarar baɗi. An rufe su da bargo saboda sanyin safiya. Ina kwana a ɗakin ƙasa na su Corinne kafin su bushe. Ba laifi, amma ya yi min faɗi, na rasa inda zan sa kaina.

Asabar, 28 ga Oktoba

An ɗaga shi da jek huɗu, aka zare tayoyin da ƙarfen da ke riƙe su, aka sauke shi a kan ginshiƙai. Ban taya su ba, na ce gwiwa. Na tsaya daga nesa hannu a aljihu. Da aka ɗaure ƙusar ƙarshe na shiga na taka tsakiyar ɗakin da ƙarfi. Da can yakan ɗan yi lilo in na juya a gado, yanzu ko gezau.

Dwight ya tambaya inda za a ajiye tayoyin. Da na yi niyyar a jingina su bayan rumfa a rufe da tamfal. Na ce ya ɗauka ya haɗa keken ɗaukar itacen da yake ta zance. Tsatsa kawai za su yi a ajiye.

Na kira Lonnie na ce ya saki wurin. Ya kira ni sunaye uku da ba zan rubuta ba, sannan ya ce ya yi min murna. Dusar farko ta sauko da la'asar, ba ta kwanta ba.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Na je garin Escanaba karɓo magani da abin naɗe bututu kada ya daskare. Corinne tana hutu yau, ba ta tashi ba lokacin da zan fita. Na tada mota, na kai bakin titi, na tsaya. Na dawo na yagi takarda daga bayan littafin nan na rubuta: Na je Escanaba, zan dawo ƙarfe huɗu. Baba. Na maƙala a ƙofar kicin ɗinta.

A can na gamu da wasu tsofaffin abokan aiki, suka ce in zauna mu ci abinci, hira ta yi daɗi. Na ce wani lokaci.

Uku da kwata na dawo. Hanya ce ta yi kyau.